Budurwar Bitrus ta Ranar Juma'a

"Bitrus, a gaishe min da amarya!" na ɗaga murya ina juya dafa-dukar kabsa a tukunya.

Bitrus abokin ɗakina ne a unguwar Aziziya, nan ƙasar Larabawa inda muke ci-rani, ɗan Katolika daga kudancin Kaduna. Duk Juma'a sai ya maƙale a lungu da waya yana ƙus-ƙus, ni kuma na yanke cewa soyayya ce.

Yau sai ya juyo min da wayar. Ashe kiran bidiyo ne, gardawa ne reras, wani har da sanƙo.

Na ce, "Kai, wannan zaɓi naka ya ba ni tsoro!"

Suka kwashe da dariya. Bitrus ya ce, "Malam Sani, fada ɗaya ne, limamin cocinmu, ya yi lalata da mu duka muna yara. Da iyayenmu suka kai kuka, sai kawai aka sauya masa wurin aiki, naƙal kafala in ji mutanen nan, zuwa wani coci. Ni da ban taɓa kowa ba, nawa naƙal kafalar ya ƙi fitowa! Kotu muke shirin kai shi, don har yau yana cikin yara."

Na rufe tukunyar. Daga yau girkin Juma'a nawa ne, shi ya ji da wayarsa.

Jama'a, mu a namu makarantun, wa muka sauya wa gari muka yi shiru?