An kulle mana zaure a Gwandu, mun yi taronmu a Maruda

Mun tashi daga Kalgo ana fitowa sallar asuba, ni da wata abokiyar aikina. Manufar tafiyar ita ce ganawa da matan da ke sha'awar tsayawa takarar kansila. Na yi aikin rediyo, na yi haɗa kan mata a jam'iyya, daga baya na yi shekaru ina horas da masu sa ido kan zaɓe a ƙasashen waje. Amma ban taɓa shirya irin wannan taro a gida ba.

Bayan Birnin Kebbi hanya ta yi kyau, sai ramuka jefi-jefi. A Dalijan muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan ya ƙanƙance har abokiyata ta tambaya ko na yaye ne. Mai suyar ta ce a tambayi masu wake.

Muna isa Gwandu muka tarar da kwaɗo a ƙofar zauren da muka kama, mata na tsaye a rana. Mai gadi ya sunkuyar da kai, ya ce wani jigon siyasa ne ya sa a rufe. Na san mutumin, tare muka taɓa yawon kamfe. Na kira shi.

"Hajiya, ki kai dimokuraɗiyyarki can inda ake biyanki," in ji shi. "Nan ba a saba ba."

Na ce, "Alhaji, nan aka yanke cibiyata. Taro kuwa yau za a yi shi."

Wata dattijuwa mai sayar da albasa ta matso. "Ɗiyata, gidana na Maruda, ƙauyen nan kusa. Tsakar gidan ta ishe mu. Mu tahi."

Haka muka ɗunguma, wasu a babur, wasu a bayan a-kori-kura. Aka shimfiɗa tabarmi, awaki na ratsa mu. Na bayyana yadda ake tsayawa takara da irin zagin da za su sha, ban rage komai ba. Wata malamar firamare ta miƙe, ta ce za ta tsaya, ko da ƙuri'arta kaɗai za ta samu. Dattijuwar ta ce, "Da tawa."

Mun dawo Kalgo da la'asar sakaliya, na gaji liƙis. Na yi magana a manyan ɗakunan taro na duniya, ba wanda ya taɓa hana ni, domin can ban tsone wa kowa ido ba. A gida ne aikin yake. Alhaji ya kira ni da yamma, na bar wayar tana ta ƙara.