Hoton Baba a Wayar Adda Ladi

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji shida na firamare, aka wayi gari da motar kaya a ƙofar gidanmu na haya da ke unguwar Luggere a Jimeta. An yi wa Malam Yohanna, malamin makarantar da muke tsakar gida ɗaya da iyalinsa, canjin wurin aiki zuwa Numan. Samari suna ta fito da katifu da kujeru, hadari kuma yana haɗowa daga wajen Girei. Ni ina tsugune a gindin mangwaro kusa da 'yarsa babba, Adda Ladi, wayoyi biyu a kan cinyarta, idona a kan wani ɗan layi da ke rarrafe a fuskar waya kamar ba zai taɓa cika ba.

A gidan nan Adda Ladi ce ta fara riƙe waya mai ɗaukar hoto. Idan mun gama ɗebo ruwa da wanke-wanke, sai mu bar 'yar gala-gala mu kewaye ta. Samarin layi sukan zo da nasu wayoyin a kunna bulutut, wannan ya tura wa wancan waƙa, wancan ya tura masa wasan barkwanci. Dole sai an zauna kafaɗa da kafaɗa, don da an ɗan yi nisa abin zai yanke. Takan ce mana, "Kar wanda ya motsa, yana tafiya." Mu kuwa har numfashi mukan riƙe, muna zaton abin ta cikin iska yake bi, kada mu hure shi.

Ranar da take gwajin wayar tana sabuwa ta ɗauki mahaifinmu a hoto mai motsi. Ya dawo daga gonarsa ta Girei da buhun ɗanyar masara a bayan keke, yana rabawa yaran gida yana tsokanar kowa da Fulatanci, har ya juyo ya tambaya ko wannan abin yana kama mutum ne. Kafin wata daminar ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Ba mu da wani abu mai muryarsa sai wannan. Duk lokacin da kewarsa ta taso mini, ɗakinsu Adda Ladi nake shiga, ba sai na yi magana ba take miƙo mini wayar. Mahaifiyarmu, Dada, ba ta taɓa yarda ta kalla ba. Ba mu yi tunanin karɓa ba, domin wayar yayana Hamma Sali mai tocila ce, kuma a ganinmu maƙwabtan nan ba inda za su je.

Sai da safiyar tashinsu Hamma Sali ya samo aron waya mai bulutut wurin abokinsa. Muka gwada tura hoton, wayar ta ce babu wuri. Ya zauna yana goge waƙoƙin mai wayar, yana cewa zai ba shi haƙuri daga baya, sannan aka kira shi ɗaukar kaya ya bar mini ita. Muka sake turawa, ya kai rabi, wani ya kira Adda Ladi a waya, abin ya yanke. Muna kan gwaji na gaba direba ya gama ɗaure igiya, ya shiga danna oda yana nuna sama. Matan gida suna ta sallama da Maman Ladi, ana kuka ana neman gafarar juna. Na ji an ce Adda Ladi ta hau, sai hawaye ya ɓalle mini, na riƙe gefen zaninta na ƙi saki.

Malam Yohanna mutum ne marar yawan magana. Ya zo ya leƙa wayoyin, ya tambayi abin da ake turawa, 'yarsa ta gaya masa. Sai ya nufi ƙofar ɗakinmu ya ce, "Dada, a ba ni aron Hauwa zuwa bakin hanyar Numan. Ba za mu tafi da maigida mu bar ku ba." Dada ta gyara lulluɓinta ta ɗaga kai kawai.

Haka aka ɗaga ni bayan mota. Muka zauna a kan katifa tsakanin tukwane da kejin kaji, Adda Ladi ta haɗa wayoyin biyu a tafin hannuna, ta rufe da nata. Motar tana faɗawa ramuka, yayyafi ya fara, ta ja leda ta rufe mu. Ban ga garin da muke ratsawa ba, layin nan kawai nake kallo. Mun kusa fita Jimeta wayar ta yi 'yar ƙara, ya shiga. Adda Ladi ta buga jikin mota, direba ya tsaya. Malam Yohanna ya tare wani mai acaɓa da ya sani, ya damƙa ni a hannunsa. Ko sallamar kirki ban yi musu ba, hankalina yana kan kada ruwa ya taɓa wayar da na cusa cikin riga.

Da yammar ranar Dada ta ce in kawo ta gani. Ta kalla har ƙarshe, ta yi masa addu'a, ta ce a sake sawa. Daga wayar aron nan hoton ya bi wayoyin danginmu na Yola da Mbamoi, duk ta hanyar zama kusa da juna, har ya dawo tawa da na girma.

Yanzu yarana kan tura wa juna fim sukutum daga ɗaki zuwa falo kafin in gama zuba shayi, ba wanda ya tashi daga inda yake. Lambar Adda Ladi ta daina shiga tun ina sakandare, na tambaya a Numan an ce ta yi aure ta koma Kudu. Hoton ya dusashe a manyan wayoyin yau, fuskar Baba da ƙyar ake gane ta. Amma idan na ƙara murya, a bayan tasa akwai dariyar yarinyar da ke riƙe da wayar. Yanzu mutum biyu nake shiga in gani.