Alwatikar Kawu Ta Ƙi Rufuwa

Kawuna mai walda ne, kuma tun kafin a haife ni abu ɗaya yake ƙerawa: firam ɗin allon gargaɗi na bakin titi, mai gefe uku ɗin nan. Yakan ce alwatikarsa ba ta da babba ba ta da yaro, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Na ce to ta fi gidanmu adalci.

Ba ya amfani da tef ɗin awo. Igiya yake ninkawa uku, ya ɗora a kan rodi, ya sa alli a gaɓa biyu, ya lanƙwasa a jikin wani katako mai kusurwa digiri sittin. Idan gefunan sun yi daidai, bakin rodin biyu su haɗu da kansu, sai ɗigon walda kawai.

Wutar waldar ce ta cinye masa ido. Kowa ya sani, shi ne dai bai yarda ba. 'Yarsa nas, wadda nake kira Yaya, ta ce a rufe shagon kafin ya ƙone kansa. Suka yi ta ja, har ya ce idan ya yi firam ɗaya ya fita daidai, ta ƙyale shi. Ni da ba aikin fari balle na baƙi, aka ce in zo shaida.

"Kai, ɗan boko rabi," ya ce da ni, "gefe santimita sittin, kewayen nawa?"

"Ɗari da tamanin, Kawu. Sittin sau uku. Ranar da aka koyar da shi kaɗai na je aji."

"Shi ya sa ka tsaya a nan."

Na yanka masa rodin. Ya ninka igiyar da yatsu, ninkin ya fita cif. Wajen sa alli ne hannun ya zame, kamar faɗin yatsa biyu. Na buɗe baki, Yaya ta taka min ƙafa.

Ya lanƙwasa na farko, ya lanƙwasa na biyu. Ya bi ƙarfen da tafin hannu har ƙarshe, sai yatsansa ya faɗa cikin giɓi. Baki ɗaya ya wuce, ɗayan bai kai ba.

"Kawu, ƙofa ka bar wa iska," na ce. Ba wanda ya yi dariya, har ni.

Ya daɗe yana shafa wurin.

"Rodin ne gajere?"

"Ɗari da tamanin ne, Baba," in ji Yaya.

Ya laluba aljihu ya miƙa mabuɗin shagon, amma ba inda take tsaye ba. Sai da ta zagayo ta karɓa.

Yanzu mai cajin waya ne a shagon. Kawu yana zaune a ƙofar gida da igiyarsa, ya ninka uku, ya warware. Jiya ya miƙo min ita.

"Duba, sun yi daidai?"

Sun yi. Na faɗa masa, ya karɓe ta, ya warware, ya sake ninkawa.