Ranar da Na Ce Masa Tana Barci

Tun shigowar sanyi a shekarar nan, ba wanda ya iya cin ƙungiyar jami'ar da ɗana yake buga wa ƙwallon kwando. Wasa bayan wasa suna lallasa jama'a, har suka ɗauke kofin rukuninsu, suka shiga babbar gasar watan Maris. Ni direban tasi ne a nan ƙasar Turawa, ban san kan wasan ba balle gindinsa. Abin da na sani, yaron da na sha yi wa faɗa ya bar tsalle-tsalle ya kama karatu, shi fasinjoji suke yabo a motata daga garin Largo har Clinton, ni kuwa baki har kunne.

Uwarsa ce ta san wasan. Kafin su shiga fili sai ya kira ta, ta yi masa addu'a da Hausa, ya yi godiya da Turanci. Ya sa a ransa addu'ar nan ce take riƙe da su. Ko da ciwo ya kwantar da ita a asibiti ba su fasa ba. In ya tambayi jiki, sai mu ce da sauƙi.

Ƙungiyoyi huɗu suka rage a gasar, wasan su ɗana ranar Asabar a wani gari mai nisa. Ranar Alhamis da la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Dattawan masallacinmu suka ce a gida ba a jefa wa matafiyi labarin mutuwa ta waya, a bari ya dawo a zaunar da shi. Kada ma in ɗora musu laifi. Shawara suka bayar, ni na karɓa da hannu bibbiyu, domin a ƙasan raina ina son ya buga wasan nan. Wannan ne abin da har gobe yake tsaye mini a rai.

Bayan sallar Juma'a muka kai ta. Ni da maƙwabcinmu, wani mutumin Kumasi, muka shiga kabarin muka karɓe ta.

Asabar da azahar, falo cike da 'yan gaisuwa, wayata ta yi ƙara. Na shige kicin na rufo ƙofa.

"Baba, ba ni Mama."

"Tana barci, sun ba ta magani."

"Ka tashe ta mana, minti ɗaya kawai."

"Kai wane irin yaro ne? Marar lafiya za a tasa saboda ƙwallo? Ta ce Allah ya ba da sa'a."

Ka ji fa, har da tsawa na yi masa. Ya ba ni haƙuri, wai shi ne ma mai ba ni haƙuri.

Aka ci su. Abin da suka yi wata da watanni suna tarawa ya ƙare a yammacin nan, ni ko kallo ban yi ba.

Lahadi ya iso, ana sadakar uku. Ya ga takalma jibge a bakin ƙofa. Ya sunkuyo ya shigo, riƙe da hular cin kofin rukuninsu da ya ajiye wa uwarsa. Ya dubi tabarmi, ya dubi dattawa, ya dube ni. Yaron da rabonsa da yi mini Hausa tun yana firamare ya buɗe baki da Hausa.

"Yaushe?"

"Alhamis."

Na ga yana lissafi da yatsu. Dattawa suna ta "sai haƙuri," ko kallonsu bai yi ba.

"Wa ya sa ta a kabari?"

Na gaya masa.

"Ni kaɗai ta haifa, Baba."

Bai zage ni ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ajiye hular a kan gadonta, tana nan har yau.

Yanzu yana aiki a garin Germantown, kuma duk Juma'a yana kirana, ba ya fashi. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi hawan jinina, in ce da sauƙi. Ya ce to. Muna ajiye waya sai in ji ta maƙwabcina mutumin Kumasi tana ƙara ta bayan bango, na kuma san ɗana ne mai kiran.