Mai Duba Tanki a Tsaye

Ni Lawal ne, mai walda a unguwar Hajj Yusuf ta Khartoum, shekara talatin ina ƙera tankuna ina yi musu faci. Saboda haka in na ce Ashafa bai san komai a kan tanki ba, ba hassada ce ke magana ba. Tare muka taso a wani kambo na Jazira, ƙauyen 'yan ƙwadago a gefen gonakin auduga. Iyayenmu sun tsinci auduga har bayansu ya lanƙwashe kafin su kwaso mu zuwa Khartoum. Tun a can Ashafa ba ya son sunkuyo. In an tura mu tsinta, shi ne mai riƙe bakin buhu.

Da ya girma surukinsa ya cusa shi a mahalliyya, wato ofishin ƙaramar hukuma. Aikinsa na farko kamen masu talla ne. Shekara tara yana bin bayan mota yana ƙwace kujerun mata masu shayi, kuma a nan ne kawai na taɓa ganin ya yi gudu. Ya ɗinka safari mai ruwan toka, ya jera biro uku a aljihu, ya daina jin Hausa daga takwas na safe zuwa tashi daga aiki. In ka ce masa "ina kwana" a ofis, sai ya waiga baya, wai ko da wani kake.

A wancan zamanin duba tankunan mai na gidajen burodi da injinan niƙa aikin wilaya ne, gwamnatin jiha. Wani tsohon injiniya, Zubairu, shi ke zagayowa sau ɗaya a shekara. Ba waliyyi ba ne, masifaffe ne, ko sallama ba ya amsawa da kyau. Amma yana zuwa zai shimfiɗa kwali a ƙasa, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin tanki, ya dinga ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma yana kasa kunne. Dalili kuwa, tanki daga gindi yake ruɓewa. Ruwa ya fi jaz, wato man dizal, nauyi, sai ya kwanta can ƙasa yana cin ƙarfen daga ciki. Sama na sheƙi, ƙasa ta zama ɓawon ƙwai.

Sai aka wayi gari rediyo na ta shelar cewa za a gajarta inuwar hukuma, a kawo mulki kusa da jama'a. Cikin abubuwan da aka sauko da su daga wilaya zuwa mahalliyya har da duba tankuna. Aka aiko da takardu kwali-kwali. Ba a aiko da guduma ba, Zubairu kuwa aka yi masa ritaya. A daidai lokacin an rasa inda za a ajiye Ashafa, domin wata mai shayi ta gaji ta watsa masa ruwan zafi a ƙafa, ya ce shi da titi har abada. Aka tura shi kwas na kwana uku, ya dawo da takardar shaida, ya sa mata gilashi.

Abu huɗu Ashafa yake dubawa: fenti, lamba, rubutun hana shan taba, da jan bokitin yashi. Duka huɗun ana ganinsu a tsaye. Masu tankuna ba su yi wata biyu ba suka gane shi. Ni kaina aikin faci ya ja baya a shagona, mai sayar da fenti na kusa da ni kuwa ya ƙara aure.

A layinmu akwai Sittana, aminiyar Kulu mahaifiyar Ashafa. Tun rasuwar mijinta take toya kisra, wainar dawar nan mai faɗi da sirantaka, a kan doka, faifan ƙarfe da ake hura wa itace. Da wutar nan ta raini 'ya'ya huɗu, da ita take ciyar da jikoki biyu marayu. Murhunta a jikin katangar da ta raba gidanta da gidan burodin Hadi yake, a ɗaya gefen kuma tankin jaz na Hadi ne, ɗare a kan ƙafafun ƙarfe.

Wata safiya ta aiko in zo. Ta nuna mini katangar, jar ƙasa ta yi baƙi har gwiwa.

"Lawal, shaƙa ka ji. Ni dai kwana biyun nan kisrata ma warin jaz take yi."

Na zagaya, na kwanta a ƙarƙashin tankin. Na danna babban yatsa, tsatsa ta zubo mini a fuska, ga ɗigo yana sauka a hankali. Na gaya wa Hadi. Ya ce canjin tanki yana nufin kashe tanderu mako guda, shi kuwa abin da hatimin hukuma ya ce shi zai bi.

Sittana ta yafa tobinta, babban mayafin nan, ta hau mota biyu zuwa ofishin wilaya a Khartoum. Ta yini a benci, aka ce mata wannan ba nasu ba ne yanzu, ta koma mahalliyyarsu. Ta dawo da murnarta. "Ashe ma ɗan Kulu ne mai abin," in ji ta. "Naka sai naka." Na bar ta da murnarta, don ba na so in ɓata mata rai tun kafin shi ya ɓata.

Bayan kwana goma Ashafa ya iso a raksha, babur mai ƙafa uku, da guga a wandonsa kamar wuƙa. Ina wurin. Sittana ta tarye shi da fara'a.

"Ɗan Kulu, sannu da zuwa. Yaya Iya da ƙafa?"

"Kwayyisa, ya Hajja," ya amsa da Larabci, yana kallon takarda. "Ina mushkilar take?"

Na ce masa, "Ashafa, gindin ne. Ga kwali, kwanta ka gani da idonka."

Ya dubi kwalin, ya dubi wandonsa. "Ya usta, kai aikinka walda. Taftish, duba tanki, aikinmu ne." Ya zagaya tankin sau ɗaya, hannu a baya. Ya gano fenti ya koɗe, bokitin yashi kuma babu yashi. Ya yi wa Hadi faɗa sosai a kan bokitin, har da ɗaga murya. Sannan ya shiga gidan Sittana, ya tsaya a kan murhunta, fuskarsa ta yi haske kamar ya tsinci dami a kala. A kwas ɗinsa na kwana uku an gaya musu ba a hura wuta kusa da tankin mai, kuma da alama ranar ce kaɗai bai yi gyangyaɗi ba.

"Ga khatar ɗin nan," ya ce, wai haɗari. "Wuta a buɗe. Mamnu', an hana. Sai mita goma daga tanki."

"Ɗana, gidan gaba ɗaya bai kai mita goma ba."

"Ƙanun ne, ya Hajja, ƙa'idar hukuma. Ba ni na rubuta ba."

"Shekara ashirin da shida ina toya a nan. Tankin nan a gabana aka kafa shi."

Ya riga ya zaro biro. Haka aka bar jaki aka daki taiki. Hadi ya shafe tankinsa da fenti ruwan azurfa, ya cika bokiti da yashi, aka buga masa hatimi na shekara guda. Sittana aka miƙa mata takardar gargaɗi da ba ta iya karantawa, aka ce in an sake ganin hayaƙi za a ɗauke faifan toyarta. Ta san za su iya, don ta sha ganin kayan mata a bayan motarsu.

Ta gwada toyawa a gidan maƙwabciya, hayaƙi ya dami mai gidan. Ta gwada a bakin titi, 'yan kame suka kore ta. Masu gidajen abincin da take kai wa kisra suka jira mako biyu, suka koma wa wata. Na je ofishin Ashafa sau uku, sau uku yana ce mini fayil ya rufu. Na rantse a lokacin ko gaisuwarsa ba zan ƙara amsawa ba, amma rashin gaisuwata ba ya ciyar da jikokin Sittana.

Wata uku bayan haka, damina ta sauka. Ranar wata Talata da hantsi, bayan ruwan da aka yi, gindin tankin ya ɓalle gaba ɗaya, washegarin da aka cika shi. Katangar da ta daɗe tana shan mai ta zauna. Jaz ya malale tsakar gidan Sittana, ya shiga ɗakinta, ya jiƙa katifu da tufafin yara da ragowar buhun dawarta. Bai kama da wuta ba, domin murhun ya yi wata uku a sanyaye.

Unguwa ta taru. Muna kwashe kaya Ashafa ya iso, ya nemi busasshen bulo ya hau. Ya dubi mutane, sai ga shi yau Hausa ta dawo bakinsa, don kowa ya ji.

"Kun gani ko? Da ban kashe wutar nan ba, da layin nan duka ya zama toka. Inna, ki gode wa Allah, sannan ki gode mini."

Na ajiye katifar da ke hannuna, na nufe shi. Sittana ta riƙe mini hannun riga. Tana tsaye cikin mai har idon sawu, gidanta ba ya zaunuwa, sana'arta ta mutu, yamma na yi za ta kwashi marayu zuwa ɗakin 'yarta a unguwar Mayo. Amma ita mutuniyar da ce, ba ta iya kunyata ɗan aminiyarta a bainar jama'a ba.

"Na gode, ɗan Kulu," ta ce. "Allah ya yi albarka."

Ya ce amin, ya shafa a fuska.