Shekara shida ban huce ba, Yaya Ummaru

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Ummaru, kuma har yau raina bai yi sanyi ba.

Shi ne ɗan aiken bikin makaɗa da masu sana'ar hannu da masu aikin sa-kai suke shiryawa a Sabon Birni bayan kaka. Yakan hau babur da ƙunshin goro, ya bi makaɗa da masaƙa gida-gida yana faɗa musu rana. A wajenmu, dattijon da ya karɓi goronka ya yi alkawari, kai ma ka yi.

Sai kwamitin bikin ya yi sabon sakatare, Bashiru. Ya buɗe gurup a waya, ya ce aike da baki ɓata lokaci ne. Ban ƙi ba, waya ta fi babur sauri. Amma a gurup ɗin aka ɗaga biki da mako guda, alhali Bashiru ya san ƙaramar wayar Yaya ba ta shiga can. Sahu ɗaya suke salla, amma bai faɗa masa ba.

Ranar da aka sa tun farko, Yaya ya kwaso tsofaffi daga Turba da Unguwar Lalle, da kalangunansu da manyan riguna. Suka tarar da awaki na kiwo a filin. Sarkin makaɗan Turba ya dube shi ya ce, "Ummaru, ashe goron wasa kak kawo muna."

Gaban kwamiti Bashiru ya rantse ya faɗa masa, wai mantuwar tsufa ce. Yaya bai musa ba. Ya dai daina zuwa kasuwar garin Isa don kada ya haɗa ido da mutanen nan. Bai shekara ba ya kwanta. Ban ce Bashiru ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, amma da wannan tabon aka kai shi.

Yau gurup uku gare su, tsoho ko ɗaya ba ya zuwa. Da Yaya na nan me zai ce? Na san halinsa: zai zuba wa babur mai, ya tafi gyara musu.

Makon jiya Bashiru ya yi sallama a ƙofar gidana. Wai tsofaffin sun ce ba za su dawo ba sai gidan Ummaru ya ba su haƙuri. "Inna, kalma guda ta," in ji shi.

Na ce, "Za ni Turba, amma tare da kai. Can za ka hwaɗi wa yay yi ƙarya." Ya sunkuyar da kai ya juya.

Mutane suna yabon haƙurin Yaya, shi suke tunawa da shi. Allah Ya jiƙansa, ya tafi da abinsa bai bar mini ba. Biki ya mutu in ya ga dama, ba zan roƙi gafara kan laifin da mamaci bai yi ba.