Takardar da Muka Ƙi Sa wa Hannu

Ina da shekara goma sha ɗaya ƙanwata ta nutse a kududdufin bayan gidanmu a Kano. Ina tsaye a bakin ruwan ina ihu, ban iya iyo ba. Na girma, na yi aure, na zo New York, wannan abu na nan tokare a ƙirjina.

Na haura arba'in, ina aikin jinyar tsofaffi a Bronx, sai wata maƙwabciyata 'yar Gana a Morris Heights ta ce akwai gidan iyo na gwamnati da aka ware wa mata safiyar Laraba. Tsohon gini ne. Mai koya mana, wata baƙar fata mai faɗa kamar uwar ɗaki, ta ce da can gidan wanka ne da aka gina wa talakawa baƙi, lokacin da gidajen haya ba su da bayan gida na kirki. Ƙofa biyu gare shi, an sassaƙa kalmar "maza" a kan ɗaya, "mata" a kan ɗaya. Ta matan an daɗe da toshe ta.

Mukan kai mu ashirin. Akwai matan Yahudawa da dogayen riguna, akwai mu da wando da hular roba. Kowa ta riƙe bango tana harba ƙafa kamar ɗan tsako.

A bakin shiga akwai takarda da biro, kowa ta rubuta sunanta. Yahudawan su uku suna rubutawa. Mu kuwa sai mu sunkuyar da kai mu wuce sumul. Wata tana tsoron duk takardar hukuma saboda ba ta da izinin zama a ƙasar, wannan ban ga laifinta ba. Amma ni fa? Takarduna lafiya lau. Kunya ce kawai, kada wani ɗan garinmu ya ga sunana a ce matar wane tana zuwa wanka a waje. A gida ma cewa nake na tafi sayayya titin 125th Street.

Maƙwabciyata, da ita ma ba ta da izinin zaman, takan ja ni gefe ta ce, "Yaya, ki yi sign mana, wallahi ba komi." Sai in ce mata sati mai zuwa.

Wata huɗu na yi kafin na iya sa fuskata cikin ruwa ban ga ƙanwata ba. Ina gab da sakin bango aka liƙa sanarwa: an soke lokacin mata daga wata mai zuwa, wai babu masu zuwa. Na tafi ofis ina huci, na ce mu ashirin ne, ku zo ku ƙirga! Matar ofishin ba ta yi musu ba, ta juyo mini da takardun. Laraba bayan Laraba, suna uku.

Na ji haushinsu, har yau ina ji, don hawa bene ɗaya ya ishe su su gan mu da idonsu. Ginin da su da kansu suka yi wa ƙofar mata, yanzu safiya ɗaya ta gagare su. Amma haushin kaina ya fi ci mini rai. Uwar 'ya'ya uku, na tsaya ɓoyon suna kamar wadda ta je sata.

Larabar ƙarshe na rubuta sunana cikakke, har da na mahaifina, na danne biron har takardar ta huje. Na shiga ruwa na saki bango. Na kai tsakiya, ina haki, ina shan ruwa, sai mai koyarwa ta busa usur, maza suna jira a ƙofa. Da sanda mai ƙugiya ta jawo ni gefe.

Ban sake shiga ruwa ba. Iyakar iyona ke nan, rabin tafki. Inda ƙanwata ta nutse bai kai haka nisa ba.